Warin Kananzir a Hannun Zulai

Ranar Talata ce, mako guda bayan an gama cirar gyaɗa, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Na taso daga makaranta, ko jakata ban ajiye ba, na tarar da farar a-kori-kura tsaye a ƙofar shagon Baffa Sule, ƙanen babanmu. Mutum uku ne daga ƙaramar hukuma, da duba-gari cikin kakinsa, suna ta lodin katan-katan ɗin madara da tumatirin gwangwani a bayan motar. Ɗaya ya shiga ya sauko da takardar lasisin da ke rataye a bango cikin gilashi, ya zare ta, ya miƙa wa Baffa firam ɗin fayau. Suka ja ƙofa, suka danna kwaɗo, suka shafa mata jan fenti. Zulai 'yar Baffa, sa'ata, ta zube a ƙasa tana birgima. Tsofaffin unguwa suka rufu a kanta, wannan ta ɗaga ta, waccan ta share mata hawaye da gefen mayafi, wata har da cusa mata ƙuli-ƙuli a hannu. Ni kuwa ina maƙale a jikin darni, kuma zan faɗi gaskiya ko ba ta da daɗi: ba tausayinta nake ji ba. Haushi nake ji, wai ko a ranar masifa ma ita ake lallashi.

Gida ɗaya muka tashi da Zulai, a wani ƙauye tsakanin Kiyawa da Dutse. Sashensu na gabas, namu na yamma, rijiya ɗaya, turmi ɗaya, kaka ɗaya. Kwana arba'in ne kawai tsakanin haihuwata da tata, amma sai ka ce ba ruwa ɗaya muke sha ba. Babanmu manomi ne, don haka aikina bayan makaranta shi ne yankan ciyawar awaki, da kai abinci gona, da koran tsuntsaye in gero ya fara ido, da roron gyaɗa har farcena ya koma ja. Ita kuwa Zulai da ta ci tuwon rana sai ta wanke ƙafa, ta shafa mai, ta wuce shago. Ina tafe da damin ciyawa a ka, ƙaiƙayi na cin wuyana, sai in hango ta ta tagar baya zaune a kan benci cikin inuwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, rediyo na yi mata waƙa.

Aikin nata ma ba wani aiki ba ne. Baffa kan je Kano lokaci-lokaci ya saro kayan gwangwani da araha, waɗanda lokacinsu ya ƙare ko ya kusa ƙarewa. Zulai sai ta zauna da tsumma da murfin kwalba cike da kananzir, ta riƙa juya gwangwani tana goge baƙaƙen lambobin da ke gindinsa, ta jera shi a kan kantar shago yana ƙyalli. Ladanta fasasshen biskit ne da duk gwangwanin da ya lotse. Mu a lokacin ba mu san lambobin nan suna da ma'ana ba. In an aike mu sayen madara, gwangwanin da ya kumbura muke zaɓa, wai ya fi cika. In ciki ya murɗa wa yaro sai a ce ɗanyar gyaɗa ya ci.

Na roƙi aikin nan ya fi a ƙirga. Na yi wa Baffa shara a ƙofar shago ba tare da ya sa ni ba, na ɗebo masa ruwan alwala, na gaishe shi sau uku a yini. Ran da na fito fili na ce ya bar ni in taya Zulai, ko kallona bai yi ba, yana ƙulla sukari a leda ya ce, "Ke Rakiya bakinki ba ya riƙe komai. Tsaya daga waje." Daga wajen kuwa na tsaya. Ko sayayya aka aike ni, iyakata bakin kanta. Na koma gida ina kumbure-kumbure, Inna ta ce, "Wannan zuciyar taki, in ba ki sassauta mata ba, ita za ta hana ki ƙiba."

A makaranta abin ya fi ciwo. Hannun Zulai kullum warin kananzir yake yi, kuma warin nan ya zame mata tambari. In an fita tara, muna carafke a gindin darbejiya, sai ka ga 'yan mata na ja mata hannu suna shinshinawa, ita kuma tana rabon gutsuren biskit kamar matar hakimi. Wadda ta ba wa ita ce ƙawarta a ranar. In an tambaye ta me take yi da kananzir, sai ta ɗaga kai ta ce, "Aikin shago ne, ba a faɗa." Na fi ta iya carafke, na fi ta karatu, na fi ta gudu, amma ba wadda ta taɓa kama hannuna ta shinshina. Me za ta ji? Kashin awaki.

To, sai na yi wa kaina dabara. Iya, kakarmu, tana da fitilar ƙwai da ta ƙi rabuwa da ita duk da tocilan da suka cika gari. Wata Litinin da safe, tana bayan gida tana ba kajinta tsaba, na shiga ɗakinta na kwance murfin fitilar, na tsoma yatsuna, na mulke hannuna biyu har gwiwa. Na yi yawa, na sani, amma ban taɓa iya yin abu kaɗan ba.

Litinin kuwa ita ce ranar duba farce. Malama Rahila ce ke dubawa, wata 'yar wajen Jos da mijinta ke aikin gwamnati a Dutse, kullum a babur ake kawo ta. Tana zuwa kaina ta toshe hanci ta ce, "Rakiya, wanka kika yi da kananzir?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kuma damar da nake jira ke nan. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda na bayan aji za su ji, na ce, "Aikin shago nake yi, Malama. Ni da Zulai ne muke goge lambobin gindin gwangwani." Na waiwaya in ga yadda 'yan mata za su kalle ni. Zulai na gani, bakinta a buɗe, ta ɓoye hannayenta cikin hijabi.

Malama ta juya. Ta taka zuwa teburinta, ta ɗauki gwangwanin madarar da take zuba alli a ciki, wanda a shagon Baffa ta saya, ta zazzage allin, ta juya gindinsa. Fes yake, ba ko ɗigo. Ta daɗe tana kallonsa. Duk mun san a watan da ya wuce ta yi kwana biyar ba ta zo ba, ƙaramin ɗanta na kwance da amai da gudawa. Ta sa gwangwanin a jakarta, ta ci gaba da duba farce. Kwana takwas bayan nan motar ta zo.

Na zaci duka zan sha, har na sa zani biyu. Babanmu bai taɓa ni ba, ya dai yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Baffa ne ya tarar da ni a bakin rijiya, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ke da ko bencin ba ki taɓa zama ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya fi bulala zafi, domin gaskiya ne. Na amsa laifin da aka hana ni aikatawa, kuma ban samu ko gutsuren biskit ba. Baffa ya yi ta sintiri sakatariyar ƙaramar hukuma yana neman a mayar masa da lasisi, aka ce ba zai ƙara sayar da abin ci a yankin ba. Da damina ta kama ya ɗauki fartanya ya bi babanmu gona. Zulai ta dawo yankan ciyawa tare da ni, hannunta ya koma warin awaki irin nawa. Abin da na daɗe ina so ke nan, amma ta yi shekara ba ta yi mini magana ba, muna tafe a hanya ɗaya kowa da daminta. Kuma ko a nan ba a bar ni na huta ba, duk wanda ya gamu da mu ita yake ce wa sannu.

Yanzu na gama sakandare, na san abin da lambobin nan suke nufi, na san Baffa bai kyauta ba, na san wataƙila bakin nan nawa ya ceci 'ya'yan wasu. Amma kada wani ya yabe ni, ba don su na yi ba. Zulai ta yi aure a Dutse, tana da ɗan shagonta na kayan masarufi a zauren gida, lasisinta na rataye cikin tsohon firam ɗin Baffa, wanda ta ɓoye duk shekarun nan a ƙasan akwatinta. Yaran yanzu ko alawa za su saya sai sun juya ta sun duba. Da na je mata bayan sallar bara, ta ɗage katakon kanta ta ce, "Shigo ciki mana, uwar baki." Ta miƙo mini tsumma ta ce in share mata ƙurar gwangwanaye, amma in na taɓa lamba ɗaya za ta karya mini yatsa. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Na zauna a bencinta cikin inuwa, ina sharewa ina jerawa, ina jiran daɗin da na yi shekaru ina hange ta taga. Bai zo ba. Bencin da nake so yana can ƙauye a bayan ƙofa mai jan fenti, kuma ni na rufe ta.