Mu'awiya da Kwalaben Ruwan Kududdufi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, jim kaɗan bayan Azahar, Allah ya karɓi ran ƙanena Malam Mu'awiya, mai gyaran agogo a Gyadi-Gyadi, yana da shekara hamsin da tara. Aka kai shi makwancinsa bayan La'asar. Ni ce yayarsa Salamatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu biyu muka rage, yanzu saura ni.

Mu'awiya, masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ba su taɓa ganin mai haƙuri irinka ba, ina amsa musu da haka ne. Amma ni da na goya ka na san akwai waɗanda suka yi haƙuri da kai, kuma ni da matarka Indo ne a sahun gaba.

Shekara tara ke nan da ka shigo gidana a Tarauni rungume da wani akwatin katako, kana murmushi kamar wanda aka bai wa kujerar Makka. Na zaci agogon bango ne. Ashe tsohon madubin likita ne, mai nuna ƙananan halittun da ido ba ya gani, ka saya a wurin abokinka Callistus, mai sayar da kayan ɗakin gwaji a Unguwa Uku. A lokacin sana'ar agogo ta ja baya, kowa a waya yake duba lokaci. Na yi ta roƙonka ka koyi gyaran waya, ka ce to. Wayar da ka saya ba kwance ta ka yi don ka koya ba. Ka yanko bututun roba, ka ɗaure ta da danƙo a bakin madubin, ka shiga ɗaukar hoton ruwan datti.

Daga nan ba mu sake samun kanka ba. Dattijo da furfurarsa, ya naɗe wando har gwiwa a bakin kududdufi, ya ɗaura ludayin matarsa a jikin sanda yana ɗibar gansakuka. Ɗankwalin Indo guda nawa ka yanka ka yi matata da su, ita kaɗai ta sani. Taga, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, ko'ina kwalabe, kowace da takarda manne da kwanan wata. Har aka fara raɗe-raɗin tsibbu kake yi. Wata mata ta tare ni a gidan suna tana tambaya ko kana ba da taimakon ciwon ƙafa. Ranar ban iya cin abincin sunan ba don kunya.

Ba zan manta bikin 'yarka Maryam ba. A gidana aka sauki dangin ango. Ka zo ka cusa kwalbarka a firijina, tsakanin zoɓo da kunun aya, ba ka gaya wa kowa ba. Gwaggon ango ta ɗauka ta kurɓa, ta furzar, gida ya rikice. Da aka kira ka, ka tabbatar ba ta haɗiye ba, ka ba ta haƙuri, sannan a gaban surukai ka ɗaga kwalbar sama kana dubawa, ka ce, "Ai da masu ƙwai a ciki." Mako biyu ban ɗaga wayarka ba.

Amma zan faɗi abin da na sani. Maƙwabta sun riƙa kawo maka ruwan rijiya da na tanki ka duba musu. Kullum sai ka fara da cewa kai ba likita ba ne, abin da ke sa zawo ma madubinka ba ya rarrabe shi, amma in ka ga abu yana motsi to a wanke tanki, a tafasa ruwa. Tankin masallacin layinku da kanka kake shiga ka wanke duk farkon damina. Hotunan da ka wanke da kuɗinka kuwa, malaman firamare ka riƙa kai wa kyauta, su manna a aji.

Sau ɗaya tak na yarda na leƙa madubin nan. Ka nace, ka zaunar da ni, ka juya min shi har hazo ya washe. Na ga wata 'yar halitta mai ido ɗaya ja, tana tsalle-tsalle, da 'yan jakunkunan ƙwai biyu a bayanta. Ka ce, "Yaya, irin wannan ne ke ɗauke da kurkunu. Shi Inna ta sha a ruwan tafki." Kai kana shekara uku lokacin, a ƙauye, ba ka tuna komai. Ni na tuna. Damina guda Inna tana kwance, ni nake naɗe zaren tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya, kai kana goye a bayana, shekarar da na bar makaranta ke nan. Na ce ka zubar da shi yanzun nan. Ka ce wannan bai ɗauki komai ba, kurkunu ya ƙare a ƙasar nan, kuma shi ma abin haɗiyar tsutsar ya yi bai sani ba. Na tashi na fita. Ka biyo ni har bakin titi ba takalmi, ka tsayar min da adaidaita.

Abin da ya fi ci min rai shi ne hawan jininka. Mutumin da ya san wace kwalba ce ke son inuwa, wace ce ke son rana, bai iya tuna ƙwaya ɗaya da safe ba. Indo ta yi kuka, ɗanka Bashir ya yi faɗa, ni na gaji da magana. Ranar Talatar nan ranar ganin likitanka ce. Na kira ka da hantsi in tuna maka, ka ce ruwan kududdufin bayan Ƙauyen Alu ya fara janyewa, in ba ka je yau ba sai baɗi, asibiti kuwa yana nan. Na ce maka wata magana mai zafi na kashe wayar. Awa biyu bayan haka masu yin bulo suka gan ka kwance a bakin ruwan, suka kai ka asibiti. Na iso kana numfashi, amma ba ka gane ni ba.

Bayan kwana uku ɗakinka ya fara wari. Indo ta kasa zuba kwalaben a kwata, ta ce ba za ka so ba. Ni da Bashir muka loda su a adaidaita, guda arba'in da uku, muka kai su kududdufin. Ni, da shekaruna sittin da takwas da ciwon gwiwa, na tsuguna a taɓo ina tuttular da su ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kallo. Har bayan ranka sai da ka sa ni ɗawainiyar kwalabenka.

Da Maryam ta nemi hotonka don ta nuna wa 'ya'yanta in sun girma, Bashir ya buɗe wayarka. Hoto sama da dubu shida, babu fuskar ɗan Adam ko ɗaya. A hotunan bikinta ma ba ka ciki, kai ne mai riƙe wa mutane waya. Abin da muka samu shi ne na katin zaɓenka, wanda ya koɗe har ba a gane ka.

Allah ya jiƙanka, Mu'awiya, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa ruwan da ka tsabtace wa mutane ya zama sanadin shan ka daga Alkausara. Maganar da na faɗa maka a waya, Allah ya yafe min ita. Ina miƙa ta'aziyyata ga Indo, da Bashir, da Maryam, da jama'ar Gyadi-Gyadi, da Callistus wanda ya rufe shagonsa kwana uku ya zauna tare da mu. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda yake da hoton Mu'awiya, ko a gefen taro ne, ko rabin fuska ne, don Allah ya kawo mana.