Kawu Clifford, Da Ranar Da Na Kira Ka Kwastoma

Wanda Ya ba da rai Shi ne Ya karɓi abinSa. Da safiyar Talata, 11 ga Maris, Enid ta bugo mini waya ta ce mijinta Clifford Raistrick ya cika, yana da shekara saba'in da huɗu. Kawu Clifford, da na ajiye wayar matarka, kunya ta riga kuka zuwa.

Tun zamanin mahaifina kake kula da rumbun ƙasa na mashayarmu. Duk Litinin kai ke wanke bututun giya, duk Alhamis kai ke sauke ganguna da igiya idan motar giya ta zo. Kamar yadda ake yi a kowane ƙauye na kwarin nan, ba albashi tsakaninmu: farantin nama da dankali, giya kofi biyu, shi ke nan. Shekarar da ruwa ya cika rumbun, kai ka yini da bokiti har gwiwa, ni kuwa ina sama ina yi maka masifar ka ɓata mini dabe. Ranar da muka binne mahaifina ma kai ka tsaya bayan kanta, ka ce in je in yi kukana.

Shekara biyu ke nan da dillalin inshora ya zo da takardu biyu. Ɗaya ta shafi gini da kaya da kwastomomi. Ɗayar ta ƙara da duk mai yi mini aiki, kuma ta fi tsada. Ya tambaye ni ma'aikata nawa gare ni, na ce ko ɗaya. Daidai nan ka fito daga rumbu, hannunka jiƙe.

"Wannan dattijon fa?" in ji shi.

"Kwastoma ne," na ce.

Ka yi dariya. "Kai, 'yar nan! Kwastoma da mabuɗin rumbu a aljihu? Saura ki ce in biya kuɗin shara."

Dillalin ya ce in sake tunani. Ni da taurin kaina na ce masa ba a koya mini gidan ubana. Na sa hannu a mai arahar, rarar kuma na sayi babbar talabijin ta kallon ƙwallo. Wallahi abin da na saya ke nan.

A watan Janairun bara, wata Alhamis, ka ce bayanka na ciwo ba za ka zo ba. Ni na sake bugo maka, na ce mota ta iso, ka daure. Ka zo. Igiya ta suɓuce, ganga ta bi ta kanka ta farfasa maka ƙugu. Kamfanin inshora ya ce kwastoma ba ya sauke ganga, ma'aikaci kuwa ban rubuta ba. Ko kwabo ba su ba ka ba.

Da ka kai ni ƙara, da mashayar ta tafi, kuma ka sani. A asibiti ka kama hannuna ka ce, "Ki rufe bakinki, sarkin surutu. Na gaya wa Enid kin hana ni, ni na yi gaban kaina." Na rufe kuwa. Wata goma sha huɗu ka yi a gado a falo, ba ka ƙara hawa benenka ba, ba kuɗin ɗaukar mai jinya. Enid ce ke ɗaga ka tana kwantar da kai, da shekarunta. Ni ina aika muku abinci duk Lahadi, tana yi mini godiya, ina amsawa.

Jiya na kasa daurewa. Na je na same ta a kicin na gaya mata duka, har kiran da na yi maka. Ta ce, "Tsakanin takardun biyu, nawa ne?"

"Fam ɗari uku da tamanin."

"Haba, Glenys," ta ce. "Ai da kin tambaye mu, da mun ba ki."

Kawu, Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka rahama, Ya hutar da ƙasusuwan da na sa aka karya. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Rhoda da jikokinka uku, da duk mutanen ƙauyen nan da suka san ka. Enid, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya mayar miki da lafiyar da kika ƙarar wajen jinya. Gafararki kuwa ban roƙa ba jiya, kuma ba zan roƙa a takarda ba. Zan sake zuwa in tsaya a ƙofarki, ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba.

Glenys Alderson