Ruwan da Aka Juye a Dogon Kofi

Shekarar da ɗiyata ta fari ta shiga lakol, wato makarantar boko, aka kawo mana sabon mushe, malamin aji ke nan, a ƙauyenmu, can gefen Cadawa. Matashi ne mai fara'a, ba ya dukan yara, kuma har yau ban ƙi shi ba. Kofi biyu da ruwa ne suka haɗa ni da shi.

Da shekara ta zo ƙarshe ya aiko a kira uban yarinya. Maigida ya je ya dawo, ya zauna gindin rumbu, ya ce wai mushe ya ce kanta bai nuna ba tukuna, sai ta maimaita aji. Dama da ƙyar na shawo kansa aka rubuta ta a lakol. Nan take ya yanke magana: in dai maimaitawa ce, ta zauna gida ta taya ni aiki, ba zai zuba ido a haɗa ta da ƙannen bayanta ana yi mata dariya ba.

Na tambaye shi ta yaya mushe ya leƙa cikin kan nata har ya ga bai nuna ba. Ashe shi mushen horo ya je Maradi, aka koya musu cewa hankalin yaro hawa-hawa yake tafiya, kuma akwai gwajin da ke nuna inda kowane yaro ya tsaya. Za a zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, sai a juye ɗaya cikin wani dogo siriri, a tambayi yaro wanne ya fi yawa. Wanda ya ce dogon, to bai isa lissafi ba. Ɗiyata ta ce dogon.

Dariya na yi, ta baƙin ciki. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun yarinyar nan ba ta kai tsawon turmi ba take riƙe mini mazurari, muna ɗura mai a kwalabe, wata doguwa, wata mai ƙaton ciki, duka da gwangwanin awo ɗaya. In baƙuwa ta zo ta nace sai doguwar kwalba, yarinyar nan juya baya take yi tana ƙunshe dariya. Ita ce yau za a ce ba ta san ruwa ba ya ƙaruwa don an sauya masa mazubi?

Na bari sai da muka kasance mu biyu a madafa, ina suyar ƙuli, na tambaye ta ba tare da na dube ta ba. Ta ce da farko mushe ya tambaye ta, ta ce daidai suke. Sai ya juye a gabanta, ya ƙura mata ido, ya sake tambaya.

“Yaya,” ta ce, da yake haka take kirana, “ai in babba ya sake tambaya, to ba ka faɗi daidai ba ke nan.”

Matsamin suya ya kusa kuɓuce mini. Wallahi ni na koya mata wannan. In na tambaye ta ko ta wanke tukunya, ta ce e, na sake tambaya da wata murya, ta san ta koma bakin randa. Duk gidan da ke garin nan haka ake renon yaro, kuma muna alfahari da shi.

Na ce gobe zan je lakol. Surukuwata ta ji, ta kira ni ɗakinta. Ta tuna mini abin da na sani sarai, cewa ɗan fari uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, balle ta ɗauki ƙafa ta je ta tsaya masa a bainar jama'a. Ta ce a aiki baffan yarinyar. Na san baffan nan. Zai je ya durƙusa, mushe ya yi masa Faransanci biyu, ya ce to madalla, ya dawo. Na ce mata, “Inna, ki yafe mini, wannan karon da ƙafata zan je.” Ta juya fuska bango.

Ajin nasu rumfar kara ce. Na yi sallama, yara suka miƙe, ɗiyata ta gan ni ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata. Na je da kwalabena biyu da gwangwani, na ce mushe ya duba yadda take ɗurawa. Ya duba, ya yi murmushi irin na wanda ya yi karatu, ya ce ai waɗannan ta saba da su ne, sabo daban, fahimta daban. Raina ya ɓaci, amma na ga maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Sai na ce to ya fito da kofunan nasa, amma ya koma bayan rumfa, a bar wata sa'arta ta yi tambayar.

Ya yarda. Aka kira ɗiyar maƙwabta da suke zuwa rijiya tare, aka nuna mata yadda za ta yi. Ta juye ruwan a dogon kofi, ta tambaye ta wanne ya fi yawa. Ɗiyata ta watsa mata harara.

“Ke, makauniya ce? Ba ruwan nan ba ne dai kika juye yanzu?”

Mushe ya fito daga bayan rumfa yana sosa ƙeya. Ya ce littafinsu bai faɗi haka ba. Na ce masa, “Mushe, wanda ya rubuta littafin nan, wataƙila yaran garinsu suna duban idon babba su ce masa a'a. Namu ba haka muka rene su ba. Ladabinta ka auna, ka ce hankalinta ne.” Bai yi musu ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce za ta wuce, kuma zai sake duba sauran da ya ce su maimaita. Maigida da ya ji, ya ce to shi ke nan, ta ci gaba.

Surukuwata ta yi kwanaki ba ta cin tuwona. A rijiya mata suka riƙa yi mini kirarin mai tsaya wa 'yar fari. Su yi ta yi, bakinsu ne. Ni dai na ja yarinyar gefe na ce daga yau in ta san abu gaskiya ne, ta faɗa, ko wa ke tambaya. Faɗar hakan ba ta yi mini wuya ba ko kaɗan.

Bayan kaka, wata rana awaki suka shiga suka yi ɓarna a gyaɗar da na shanya. Na fito ina faɗa, na hau yarinyar da masifa a gaban surukuwata da maƙwabta biyu, wai ita ta bar ƙofar garke a buɗe. Ta tsaya, ta ce, “Yaya, ke kika fito ƙarshe.”

Surukuwata ta dube ni, kallon ga abin da kika jawo. Hannuna har ya tashi sama, kuma na san in na sauke shi a kumatunta kowa a wurin zai ce na kyauta. Amma ni ɗin ce na fito ƙarshe, na tuna sarai, da ƙwaryar dussa a hannuna.

Na sauke hannun a gefena. Na ce, “Gaskiyarta, ni ce.” Na duƙa na fara tsince gyaɗar daga ƙasa, kunnuwana suna zafi, ita ma ta duƙa kusa da ni.