Saniyar Yaya Haruna Ta Dawo Turke

Bana shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran yayana Haruna, kuma ban taɓa tuna shi ba sai da ƙwalla. Wannan karon kuwa murna ce ta hana ni zama. Jiya har tuwo ya kama mini a tukunya, ina bakin danga ina ba maƙwabta labari.

Yaya Haruna malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Azarori. Ya rubuta littafin labari da Hausa, ya kai Sakkwato aka buga, ana sayar da shi a kasuwar Madawa kusa da masu turare. Babanmu manomi ne, innarmu Bafillatana, don haka tsakanin gero da shanu muka tashi. A dangin inna muka ga habbanaye: mai shanu ya ɗaure wa wanda ba shi da ko ɗaya saniya, ya sha nono, ta haifa masa maruƙa su zama nasa, sannan ya maido uwar turkenta da godiya. Yaya yana ƙaunar wannan al'ada kamar ransa.

Ranar da masu fim suka zo daga ƙetaren iyaka neman littafin, ni na dama musu fura, kuma kunnena yana zaure. Babbansu, wani Alhaji mai fara'a, ya ce kamfaninsu sabo ne, ba su da ƙarfi tukuna, amma ga takarda a rubuta sharaɗi. Wallahi shi ya fara fiddo takardar, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Yaya ne ya ture ta. Ya ce, "Haba Alhaji, wa ka rubuta habbanaye? Ai cin mutuncinka ne. Ku ɗauka ku ci moriya, in kun miƙe ku maido mani abina da rabona." Aka kira liman ya shafa fatiha, aka raba goro. Yaya ya ɗauka ya ɗaure saniya. Alhaji ya ɗauka an yi masa kyauta.

Da fim ya fito muka taru gidan maƙwabcinmu mai talabijin. Sunaye suka yi ta wucewa, har na mai dafa wa ƴan wasa abinci, babu na Yaya. Ya ce a maido baya, wai ko idonsa ne. Aka maido. Ya sa takalmansa ya tafi masallaci. Daga baya ya bi su har garinsu, suka ce ai da bakinsa ya ƙi takarda. Ni na yi ta faɗa kamar in tashi sama, shi kuwa sai ya ce, "Bari, Rabi. Ba su san al'adar ba ne. Za su maido ta." Har ciwo ya kwantar da shi bai daina faɗin haka ba.

To jama'a, ku ji ikon Allah! Tsohon fim ɗin nan ya koma cikin wayoyi, matasa suka sake gano shi, suka dami kamfanin da neman ci gaba. Ci gaban kuwa yana cikin littafi na biyu da Yaya ya buga kafin rasuwarsa. Bayan girbin bara sai ga Alhaji a Madawa, gemu ya yi fari, yana sallama gidan marayun Yaya. Ɗiyar Yaya ta fari, Zainabu, wadda ya bari tana ƴar firamare, yanzu ita ma rubutu take yi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta gaishe shi har ƙasa, ta bari ya gama bayani. Sannan ta ce, "Baba, kun maido ta farin?"

Ya ce, "Wace, ɗiyata?"

"Saniyar. Nan wurinmu ba a ɗaure ma mutum ta biyu sai ta fari ta dawo turke."

Ya yi dariya ya ce ai mahaifinta mutumin kirki ne, ba ya son rigima. Ta ce, "Shi ya sa ni an nan, Baba." Ni ina bayan ƙofa na toshe baki da gyale don kada guɗa ta kuɓuce mini.

An sha kai da kawowa. Wasu marubuta da aka yi wa irin haka suka tsaya mata. A ƙarshe aka sa sunan Yaya a farkon tsohon fim, aka biya magada rabonsa, aka rubuta takardar sabon, kowa ya sa hannu. Sai da aka gama Zainabu ta aika a ɗauko tsohon limamin nan, yana dogara sanda, ya sake shafa fatiha. Makon jiya ta nuna mini a waya: Haruna, ɓaro-ɓaro, kafin sunan kowa. Na ce a maido baya. Aka maido. Yana nan!

Ina ta tunanin me zai ce da yana raye. Na san zai ji kunyar takardar, zai sunkuyar da kai yana cewa an matsa wa baƙo. Amma na san zai juyo ya ce, "Rabi, ban gaya miki ba?" Marubutan yanzu ba sa sakin ko shafi ɗaya sai an sa hannu, kuma sun yi daidai. Tsorona kawai kada kyakkyawar zuciya irin tasa ta ƙare tare da shi.

Zainabu ta cire mini wannan tsoro. Da aka raba gado, ta ɗauki nata ta tafi kasuwar Bangi ta sayo karsana ja, ta kai ta ɗaure wa wani dattijo a Azarori da fari ya cinye masa garke. Na tsokane ta na ce, "Ke mai takarda, ina takardar wagga?" Ta ce, "Goggo, wanga ya san abin da anka ɗaure mashi."

Allah ya ji ƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka. Saniyarka ta dawo, har ta sake fita.