Baba Ya Sha Hotonsa

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa a Ƙauran Namoda ya zama malami, har masu facin taya. A shekarar ne hancin Baba ya toshe ta hagu, ga haɓo kullum. Unguwa ta yanke hukunci cewa basir ne ya hau kai. A garinmu ko ƙafa ka karya, basir ne.

Da kumatunsa ya fara tasowa na kai shi wani babban asibiti mai nisa, aka tura kansa cikin na'ura. Suka ba mu wani baƙin faifai mai faɗin allo, da hotunan cikin kansa a jere. Likita ya nuna mini wani curi a bayan hancin, ya ce ciwon daji ne mai saurin ci. Ya ce mu dawo da hoton bayan mako biyu, mai tiyata ya duba ko za a iya cire shi kafin ya kai ido.

A gida hoton ya fi mai shi samun 'yan dubiya. Kawuna, da bai daɗe da sauke hotunan ɗakinsa ba, ya ɗaga shi a rana ya ba da fatawa: tunda babu fata babu gemu, ya halatta ya kwana a gida.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar Shinkafi. Na dawo na tarar da Gwaggo, yayar Baba, baki har kunne.

"Ɗana, an gama! Na kira wani malami, ya ce mi za a yi da allo ga ciwon nan a hili? Bisa hoton yar rubuta, munka wanke da ruwan zahi da soso, ubanka ya shanye."

Na ɗaga faifan, sai na hango darbejiyar gidanmu ta cikinsa. Na rasa wanda zan zaga, na shiga ɗaki na yi kuka.

Muka koma asibiti, muka tarar na'urar ta lalace. Sai bayan wata biyu aka sake ɗauka. Mai tiyata ya daɗe yana kallon sabon hoton, sannan ya ce ciwon ya shiga ido, wuƙa ba za ta yi ba.

A tasha Baba ya riƙe hannuna.

"Kak ka hwaɗa ma Gwaggonka. Ita tag goye ni. Ka ce mata rubutun ya yi."