Ramin Geron da Na Ƙi Ragewa

Shekara biyar ke nan da ciwon daji ya ɗauke kakata, Hajjo ta Sabon Gida, kuma har yau ban yi kuka ba. Ni da a lakwal, wato makaranta, ake cewa bakina ya fi kasuwar Madawa hayaniya, in aka ambace ta sai in ji kaina wayam. Abin da ke ba ni tsoro shi ne muryarta ta fara ɓace mini.

Da muryar nan take zagina a gona. Angonta take ce mini, irin wasan kaka da jika. In gero ya tsiro muka fita rage shuka, ni tausayi nake ji, sai in bar kara goma a rami ɗaya. Tana hangowa za ta ɗaga murya: "Wanga ango ragon banza! Cire, bar uku. In kowa ya ƙi mutuwa, wa zai yi kai?"

Bana mushen kimiyya, wato malaminmu, ya yi mana darasin ƙwayoyin da suka gina jiki. Ya ce a cikinsu akwai wani furotin, kinaz, mai isar da saƙo: ki girma, ki rabu biyu, kada ki mutu tukuna. Lafiyayye yakan faɗa ya yi shiru. In ya lalace sai ya yi ta faɗa ba tsayawa, ƙwayoyin da lokacinsu ya yi su ƙi tafiya, su taru su zama ƙari. Wai akwai magungunan da ke toshe masa baki a wasu cututtukan. Ban tambaya ko har da nata ba.

'Yan aji suka juyo suna jiran shaƙiyancina. Ban samu ko ɗaya ba. Da tana nan, na san dariyarta sai an jiyo ta a Keita, ta ce ashe jikinta ne ya ɗauko halin angonta.

Da damina ta faɗi na koma gonarta. Na rage kowane rami yadda ta koya mini, ban da ɗaya. Na bar shi cunkus da gangan, na tsaya a kansa ina jira a zage ni. Ban ji komai ba sai iska.

Lokacin girbi na leƙa. Karan sun fito sirara kamar tsintsiya, ba kai ko ɗaya. Ina kallonsu na ji ta, sarai, daga bayana: "Ragon banza."

Ban juya ba. Baɗi ma zan bar mata rami ɗaya.