Kaɗa Kan Mai Magani a Jidda

Ina tankaɗen gari a gidanmu na Bur Sudan wani ɗan jirgi ya yi sallama, ya ce yayata ta rasu a Jidda. Na ajiye rariya na yi salati. Ta bar 'ya ɗaya, budurwa.

Da asuba muka tashi, ni da wasu mata masu zuwa umara. Teku ta yi mana kirki, sai dai shayin jirgi da ruwan zafi ba su da bambanci. Jidda ta tarbe mu da gumi da ƙamshin tamis, burodinsu mai faɗi. Na daɗe ina kallon dogayen gidaje masu tagogin katako, da jakuna suna jan tankin ruwa a lunguna.

A unguwar Ammariyya, gidan yayata, bayan gaisuwa, na lura yarinyar ba ta buɗe kunnenta na hagu. Hujin ɗan kunne ne ya tashi, ya zama tabo mai tudu kamar goro, yana ƙaiƙayi. Dangi sun ce a kira wanzami ya yanke. Ita kuwa ta nuna mini kwalbar da uwarta ke shafa mata safe da yamma, daga wajen wani tsoho Bahindiye a tsohuwar kasuwa.

Muka je. Shagonsa ƙarami ne, tsaf, kowace saiwa da mazauninta. Ya ce maganin kakanninsa ne, Ayurbeda. A gabanmu ya dafa man riɗi da kurkum da ganyen darbejiya, ba ya gaggawa. Da ya ji rasuwar, sai ya sauke tukunyar ya yi addu'a. Ya taɓa tabon a hankali, kamar mai taɓa ƙwai.

Na tambaye shi da guntun Larabcina ko akwai amfanin ci gaba. Ya kaɗa kai hagu da dama. Na miƙe, a raina na ce wanzamin ke nan.

Yarinyar ta riƙe mayafina. "Khala, ina za ki? Ai aiwa ya ce! Haka Indiyawa suke cewa i. Ummi ma da farko kuka ta yi."

Rabona da dariya tun Bur Sudan.

Da na ambaci aska, kansa bai motsa ba, hannu ya ɗaga. Ya ce irin wannan tabo in an yanke yakan dawo ya fi da. Bai yi mana alkawarin zai ɓace ba, ya ce dai zai yi laushi.

Na dawo gida da ita da kwalba. Tafiyar ta koya mini in tsaya in gama jin mutum kafin in miƙe. Yanzu ni ke shafa mata, a lokutan da uwarta ta saba. Ƙaiƙayi ya ragu, tabon yana nan. Man ya kusa ƙarewa, ban kuwa sami mai zuwa Jidda ba.